Jikan Mai Koko

Tun kafin a kira assalatu gidanmu ke tashi. Surukata, wadda duk layinmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, a Ghana, ke kira Mma, ta haura shekara ashirin tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi, kuma a tsakar gidan nan ake dama shi. Ƙamshin citta da kanumfari ne ke tada yaranmu daga barci. Ludayin farko kuwa ba na sayarwa ba ne, na Auta ne. Tun yana ɗan mitsitsinsa haka aka saba: ya fito da kofinsa na roba, ido bai gama buɗewa ba, ya tsuguna a gefen tukunya, Mma ta ce, "Maigidana ya tashi, to yanzu kasuwa ta buɗe."

Washegarin ranar da aka yi masa aiki a baki ma haka ya fito, kunci a kumbure, kofi a hannu. Mma har ta tsoma ludayi. Ni na riƙe kofin. Shekarata goma sha huɗu a gidan nan ban taɓa tare hannun Mma a kan komai ba sai ran nan. Na durƙusa na ce, "Mma, ku yi haƙuri, likita ya ce ban da zafi, ban da yaji." Ta dube ni, ta dubi yaron, ta juye kokon a tukunya ba ta ce uffan ba. Auta ya juya ya koma ɗaki. Bai yi kuka ba, kuma da ya yi kukan da abin ya fi zo mini da sauƙi.

A takardar da aka sallame mu da ita an rubuta cewa a ba shi abinci mai laushi. Na karanta na ce ai wannan ba wani aiki ba ne, gidan masu koko da tuwo ne gidanmu, laushi ai shi muke ci. Sai da muka dawo na gane cewa duk wani abu mai laushi da ke gidan nan, ko dai da tururinsa ake shan sa, ko da barkono a ciki, ko kuma a leda yake, sai an huda an tsotsa. Ukun nan kuwa su ne aka hana shi.

Asalin maganar daga famfara ne. Haƙoransa biyu na gaba na sama sun faɗi yana kusan shekara bakwai. Ɗaya ya fito da faɗinsa, ɗayan shiru. Wata shida, wata tara, shekara ta zagayo, giɓin nan yana nan. Kowa ka tambaya sai ya ce kowane yaro da lokacinsa, ni ma na yarda. Ciwon wani haƙori daban ne, na ciki wanda yake tauna da shi, ya hana mu barci har muka je wurin likitan haƙori, shi kuma ya ga giɓin ya sa aka ɗauki hoton bakin. A hoton ya nuna mini wani ɗan ƙaramin haƙori kamar ƙaya, kwance a cikin ƙashi, ya tare wa na gaskiyan hanya. Ya ce haƙoran yarinta 20 ne, na girma 32, amma akan sami yaron da Allah ya yi masa na ƙari, kuma a tsakiyar gaba ta sama aka fi samun irinsa. Abin da ya faɗa da na so a ce na ji tun da wuri shi ne, idan haƙori ɗaya ya fito ɗan'uwansa na ɗaya gefen ya yi wata shida bai biyo shi ba, to a daina jira, a je a duba.

Aka tura mu Komfo Anokye, babban asibitin koyarwa da ke Bantama, wanda mu dai Gee muka taso muna kiran sa. Aka yanke shawarar a sa shi barci a yi aiki biyu a zama ɗaya: a tsaga dasashi a ciro ɓoyayyen, a kuma cire ruɓaɓɓen na ƙasa. Kafin ranar an ɗebi jininsa, an auna nauyinsa, an tambaye ni ko yana da sikila ko asma, ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, ko ya taɓa yin rauni jini ya ƙi tsayawa. Maganar sikila ba baƙuwa ba ce a garin nan, tun 1995 aka fara gwada jarirai a Kumasi, don haka na tafi da katinsa na awo na jarirantaka. Aka ce daga awa shida kafin aiki kada ya ci komai, saboda wanda aka sa barci idan ya yi amai abincin na iya gangarawa huhu. Mma ta ce, "Ko ɗan koko tsararo?" Na ce koko ma abinci ne. A bakin ƙofar ɗaki na kwana ran nan, don kada ya fita da asuba yadda ya saba.

Aikin bai daɗe ba. Ya farka yana kuka yana fisge-fisge, bai ma san ni ba na ɗan lokaci, nas ta ce haka maganin barci ke sakin wasu yara. An cusa masa audugar asibiti a wurin haƙorin ƙasa an ce ya cije kamar rabin awa. Da ya sha ruwa kaɗan bai dawo da shi ba, aka sallame mu da yamma. Babansa ya ɗauko tasi, ya ce ba za a sa shi a pragya, wato keke mai ƙafa uku, da wannan jijjiga da ƙura ba.

Awannin farko aikina ɗaya ne, tsaron leɓe. Allurar da aka yi masa ta kashe wurin, leɓen ya zama kamar ba nasa ba, sai ya riƙa mintsinin sa yana gwada cizo ya ji ko zai ji. Yaro na iya tauna leɓensa ko cikin kumatunsa har ya yi gyambo bai sani ba, sai allurar ta sake shi bayan awa biyu zuwa huɗu sannan zafin ya zo. Na zauna kusa da shi na riƙe hannunsa, na ba shi wayata ya kalli abin da yake so.

Da magariba ne abin da har yanzu nake jin sa a ƙirjina ya faru. Na tashi yin salla, na bar shi da yayarsa, 'yar shekara goma sha biyu. Ya ce mata ƙishi yake ji. Yarinya ta yi abin da kowa a Kumasi zai yi: ta ɗauko fiya wata mai sanyi, ta huda masa kusurwar da haƙorinta, ta miƙa masa. Ina sallamewa na ji ta tana kira, "Mama, jini!" Na tarar da gaban rigarsa ya ɓaci, ledar ruwan ta koma ja. Gabana ya faɗi.

An gaya mini a asibiti cewa kada ya sha komai da tsinken shan lemo, an kuma faɗa mini dalili. Idan aka cire haƙori, jini ne ke taruwa a ramin ya daskare, wannan gudan jinin shi ne murfin ƙashi da jijiya, a ƙarƙashinsa sabon nama ke tsirowa. Tsotso, ko tofar da yawu da ƙarfi, ko kurkurar baki, duk suna iya ɓamɓare shi. Na ji, na riƙe, amma a raina na ce mu ina muka ga tsinken shan lemo a gida. Ban kawo cewa tsinkenmu shi ne leda ba. Ruwa a leda muke sha, FanYogo da FanIce a leda, soɓolo, wato zoɓo, a leda, shi kansa kokon Mma rabin masu saye a roba suke karɓa, su ciji gindin su tsotsa suna tafiya. Laifin ba na yarinyar ba ne, ni ce ban zaunar da mutanen gida na yi musu bayani ba.

Na zaunar da shi a miƙe, na naɗe audugar da aka ba mu na ɗan jiƙa ta da ruwa mai tsabta, na ɗora daidai kan ramin na ce ya cije sosai. Wahalar ita ce haƙurin barin ta. Zuciya na ta ce maka ɗaga ka gani, alhali duk ɗagawa tana mayar da aikin baya. Babansa ya ajiye agogo a gabanmu muka ƙirga minti talatin cur, yana karanta masa addu'a a hankali yana shafa kansa. Da muka cire, jinin ya tsaya, saura ɗan ja-ja a yawu, wanda dama an ce za a gani har kwana guda, domin ɗigon jini kaɗan idan ya gauraya da yawu sai ya yi kamar mai yawa. Da mun yi haka sau biyu bai tsaya ba, ko bakin na cika da jini, da a daren za mu koma asibiti, mun riga mun yi magana da mai tasin. Daga ran nan almakashi ya koma zama a kan firij. Duk abin da ya zo a leda a yanka a juye a kofi, mai kauri a ba shi da cokali. Na sa tsohon tawul a kan matashi biyu na tada kansa, na kwana ina duba shi.

Sai kuma safiyar da na tare ludayin Mma.

Wunin ranar ba ta yi mini magana sosai ba, ni kuma jikina duk ya yi sanyi. Da la'asar na gan ta ta ɗebi gero mudu guda ta wanke ta jiƙa a wata 'yar roba daban. Wanda bai san yadda ake koko ba zai ce ai sai a ɗebar masa kafin a sa yaji. Ba haka abin yake ba. Tare da geron ake niƙa citta da kanumfari da masoro da barkono, a tace, a bar ƙullun ya kwanta ya yi tsami, a tsiyaye ruwan saman a tafasa, sannan a dama da gasarar da ta kwanta. Yajin yana ciki tun daga tushe. Ko ka kai gero zalla nika-nika, injin ya riga ya sha barkonon mutane tun safe. Don haka Mma, da ciwon kafaɗarta, ta sa aka fito da turmi ta daka geron nan da kanta, ta tace sau biyu da ƙyalle mai laushi don kada tsaki ko ɗaya ya wuce, ba ta kuma bar shi ya yi tsami sosai ba, ta ce tsami ma yana cizon ciwo. Da asuba ta dama masa a 'yar tukunya, ta riƙa sheƙa shi daga kwano zuwa kwano har ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta kamar yadda ake gwada wa jariri, ta zuba madarar gwangwani. Ta leƙa ɗaki ta ce, "Maigida, fito, naka daban ne yau, na masu sarauta." Ya sha rabin kofi da ƙaramin cokali. Shi ne abin kirki na farko da ya shiga cikinsa tun daren jajibirin aiki.

Kumburi ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku. Leɓen sama ya tashi har ya kusa taɓa hanci, kuncin hagu ya yi tsiri. An faɗa mini haka zai yi, amma faɗa daban gani daban. A nan ne 'yan dubiya suka fara zuwa, kowa da maganinsa. Gwaggon babansa ta zo daga Asawase ta ce a kawo ruwan zafi da tsumma ta gasa masa, haka ake yi wa kumburi tun kaka da kakanni. Na ce, "Gwaggo, ku gafarce ni, sun ce sanyi za a sa a kwana biyun farko, zafi yana buɗe hanyoyin jini ya ƙara kumburin, ya kuma iya tada jinin." Ba ta ji daɗi ba, amma Mma ta sa baki ta ce a bi na asibiti tunda su suka yanka. Muka sayo ƙanƙara wurin maƙwabciya, a naɗe a tawul a ɗora minti goma sha biyar, a ɗauke minti goma sha biyar. Wata ta ce a cusa garin kanumfari a ramin, wata ta ce alif. Waɗannan na ƙi su kai tsaye, babu abin da zai shiga ramin nan. Amma ba duk abin da manya suka kawo na ture ba. Man kaɗanyar da Gwaggo ta shafa masa a gefen baki inda ya tsage ya yi amfani ƙwarai, rubutun da kawunsa ya karɓo shi ma ya sha, a kofi, a hankali.

Tsarabar dubiya ma sai da na yi mata dabara. Mutum ya taso takanas da biskit da ƙuliƙuli da soyayyar ayaba da alewa, ba za ka ce masa ya koma da kayansa ba. Na samo wani gwangwani na ce wa Auta asusunsa ne, duk abin da aka kawo a yi godiya a zuba a ciki, ranar da likita ya yarda shi zai buɗe da hannunsa. Na ɗora shi a saman kwaba.

Kwana na uku ya ƙi cin komai. Ko kokon Mma ya kau da kai. Ya datse baki, in ka matsa sai hawaye. Na yi lallashi, na yi alkawari, har na fara ɗaga murya, sai na ga yadda yake kallon cokalin. Tsoro ne a idonsa. Tun daren jinin nan ya sa a ransa cewa duk abin da ya shiga bakin zai sake ɓallo shi, ga kuma zare da yake ji da harshe a bayan leɓe, yana zaton in ya motsa baki ɗinkin zai warware. Na ajiye kwanon na ɗauko madubi, muka duba tare. Na nuna masa ƙullin zaren, na ce irin wanda ke narkewa da kansa ne cikin mako ɗaya ko biyu, kuma ni tela ce, na san ɗinkin da ba ya kwancewa. Na nuna masa gefen dama inda ba a taɓa ba, na ce ta nan abinci zai bi.

Na kuma gano kuskurena a kan magani. Ina jira sai ya ce yana jin zafi sannan in ba shi, ga shi kuma a lokacin nake kawo abinci. Na juya tsarin: a kwanakin farko a ba shi a kan lokaci yadda aka rubuta, abinci kuma ya biyo baya da kamar rabin awa, lokacin da zafin ya kwanta. Farasitamol aka ba mu da ibuprofen, an auna su da nauyinsa, ba da shekarunsa ba, kuma da sirinjin awo nake ba shi, domin cokulan gida kowanne da girmansa. Farasitamol ba ya wuce sau 4 a awa 24. Na manna takarda a jikin ƙofa ina rubuta lokaci, saboda a gida mai mutane da yawa abu ne mai sauƙi uwa ta ba yaro magani, kaka ma ta zo ta ba shi. Na kuma roƙi kowa kada a sayo masa komai a kemis. Wasu magungunan mura akwai farasitamol a cikinsu, sai a ninka ba a sani ba, wasu ƙwayoyin ciwon kai kuma akwai asfirin, wanda ba a ba yara, ga shi yana hana jini daskarewa.

Abin da ya karya ƙin cin nan, bayan madubi da magani, babansa ne. Ya dawo daga Magazine, unguwar makanikai, da yamma a gajiye, aka ajiye masa tuwon zafi da miyar ayoyo da jan miya a kai kamar kullum. Ya dubi Auta a rakuɓe a gefe da ɗan kwanonsa shi kaɗai, sai ya ce mini, "Ɗauke wannan, zuba mana irin nasa a kwano ɗaya." Mutumin da ba ya cin abinci sai da shito, yajin nan da ake soyawa da mai, ya zauna a tabarma ya ci tuwo mai ruwa-ruwa da ayoyo ba barkono, sai daddawa da gishiri, ya huce har ya kusa sanyi. Bai ce wa yaron ci ba ko sau ɗaya. Yana ci yana ba shi labarin wata mota da ta ba su wahala. Can sai na ga ɗan hannu ya shiga kwanon. Yaron da ya tashi yana cin abinci cikin 'yan'uwa, ware shi da kwano daban ma wani ciwo ne, ni kuma hankalina duk yana kan ramin haƙori ban lura ba. Har ya warke babansa bai sake cin abincin dare da yaji ba.

Ayoyo, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira lalo, ta yi mana rana, domin santsinta na wucewa da tuwo ba sai an tauna ba. Na riƙa dafa kifi in zauna in tsince ƙayar da yatsu ɗaya bayan ɗaya, in marmasa naman a ciki. Ciwo nama yake so ya gina, koko da tuwo kaɗai ba za su ba shi abin ginin ba, don haka kullum sai na tabbatar ƙwai ko wake ko kifi ko madara sun shiga. Ƙwai nakan kaɗa shi da madara in soya sama-sama ya yi taushi. Tubani, wato alalen da muke turarawa a ganye, na yi masa da ɗan mai ba yaji. Faten doya, da mutanen nan ke kira mpotompoto, na dafa har ya narke na murje da bayan ludayi. Miyar gyaɗa mai santsi da tuwon shinkafa da aka tuƙa sosai ta shiga daga kwana na biyar. Tsakanin abinci kuma ayaba da aka murje, gwanda, fiya, ruwan kwakwa a kofi. Ba na cika masa kwano, cokali biyar ko shida ne duk bayan awa biyu, don babban kwano yana karya masa gwiwa tun kafin ya fara.

Waɗanda na ɗauke gaba ɗaya su ne masu ƙananan ƙwayoyi da ke iya maƙalewa a rami ko a jikin zare: garin rogo, gyaɗa, shinkafa mai warwara, kuɓewa ɗanya mai 'ya'ya, da burkina, duk da sanyinta da nononta, saboda tsakin geron da ke ciki. Lemo da abarba da lamurje kuma saboda raɗaɗi. Waakye, wato shinkafa da wake, ya fi kewa, kullum da hantsi sai ya ji ƙamshin na maƙwabta ya tambaye ni saura kwana nawa.

Ruwa na fi sa wa ido fiye da abinci. Yaro zai iya kwana biyu yana cin kaɗan ba abin da zai same shi, amma rashin sha yana kayar da shi da wuri, balle a zafin garin nan. Ina lura da fitsarinsa, sau nawa ya je, fari ne ko ya yi ja. An ce mini in ya yi kamar awa takwas bai yi ba, ko ya ƙi shan komai, in dawo da shi.

Akwai wani tarko da na kusa faɗawa. Mai ciwon baki abin zaƙi ya fi karɓa, uwa kuma tana son ta ga ya karɓa. Kwana biyu na farko FanIce da Milo mai kauri sun yi yawa a gidan nan. Sai na tuna abin da ya ruɓar da haƙorin da aka cire. Likita ya nuna mini manyan haƙoransa na can ƙurya guda huɗu, ya ce waɗannan suna fitowa ne wajen shekara shida a bayan na yarinta, ba sa jiran wani ya faɗi, shi ya sa iyaye da yawa ke ɗaukar su na famfara ne su ƙyale su su ruɓe, alhali ba su da madadi. Na rage sukari, Mma ma ta koma sa masa rabin abin da ta saba.

Tsabtar bakin ta zo mana da tambayar da ba ta cikin takarda. Auta ya fara bin babansa masallaci, yana alfahari da alwalarsa, ga shi an ce awa 24 na farko ba kurkurar baki. Babansa ya tambayi limamin unguwa, ya ce kurkurar baki sunna ce a alwala ba farilla ba, ya bar ta har ya samu sauƙi, alwalarsa ta yi. Bayan kwana ɗaya muka fara ruwan gishiri, rabin ƙaramin cokali a kofin ruwa mai ɗumi, bayan kowane cin abinci da kafin barci. Ba a kurkurawa da ƙarfi. Ya guntsa, ya karkata kai dama da hagu a hankali, ya sunkuya ya buɗe baki ruwan ya zubo da kansa. Sauran haƙoran ni nake goge masa da buroshi mai laushi ina kauce wa wurin, asuwaki kuwa sai da ya warke. Na hana shi ƙwallo da guje-guje na 'yan kwanaki, makarantar boko da ta allo duka ya yi mako bai je ba.

A kwana na biyar na haska bakin na ga wani abu fari-fari mai ɗan rawaya ya rufe ramin. Na ce shi ke nan, ruwa ya tara. Ban taɓa ba, ban kuma jira ranar da aka ba mu ba, na ɗauke shi muka koma. Likita ya duba ya ce wannan shi ne sabon naman da ke rufe ciwo, haka yake a cikin baki tunda wurin ba ya bushewa balle ya yi ɓawo, kada a kankare. Ya sake lissafa mini abubuwan da za su sa in zo da gudu: zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya sauka, zafin da ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi tare da wari, ko wahalar haɗiya da numfashi, wadda ita ko tsakar dare ne ba a jira. Ban yi nadamar kuɗin motar ba. Na dawo gida na yi barcin da rabona da shi tun ranar aiki.

Daga nan abin ya riƙa sauƙi da kansa. Kumburi ya saɓe, zaren ya fara zubewa guntu-guntu, ya koma taliya mai laushi da burodi jiƙe a shayi, sannan dafaffiyar doya. Da mako biyu suka cika aka duba aka ce ya ci abin da yake so. Ya buɗe gwangwaninsa ya raba da yayarsa, wadda tun daren nan ba ta yarda ta ba shi ko ruwa sai ta tambaye ni. Washegari Mma ta zuba masa daga babbar tukunya.

Haƙorin da aka buɗe wa hanya bai fito nan take ba. An ce yana iya ɗaukar watanni, wani lokaci fiye da shekara, in kuma ya ƙi akwai yadda ake jawo shi da waya, don haka muna komawa ana dubawa. Mma ta ƙara wani abu a al'adarta ta asuba. Idan ya tsuguna da kofinsa, kafin ta tsoma ludayi sai ta ɗaga leɓensa da babban yatsa ta haska da tocilan ɗin da take duba tukunya. Wata huɗu tana haka. Shekaranjiya ina ɗaki ina naɗe sallaya na ji ta tana ƙwala mini kira, abin da ba ta saba ba da wannan lokaci. Na fito da sauri ba ko takalmi. Tana riƙe da haɓarsa, hasken na rawa a hannunta, ta ce, "Zo ki gani." A tsakiyar dasashin akwai wani ɗan fari, bai kai ƙwayar shinkafa ba.